Jinin Sarki Barmo

Masu ba da labarin Birnin Kafarda sun ce a zamanin da yake da ganuwa da ƙofofi biyar, akwai wata al'ada da mutanensa suka riƙe kamar ransu. Idan sarki ya mutu a kan shimfiɗarsa, Allah ne ya karɓi abinsa, sai a naɗa wani. Amma idan a fagen fama ya faɗi, ba a naɗa kowa, ba a taɓa tambari, sai an zauna an gano wanda sakacinsa ya jawo. Shi ake kira mai ɗaukar jini. Ba hauni, mai sare kan masu laifi, ke kashe shi ba. Ranar da za a sake fita yaƙi sai a tuɓe masa sulke, a karɓe garkuwarsa, a sa shi gaban runduna a ƙasa, shi kaɗai, ya tari abokan gaba da mashi ɗaya. Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin wanda ya dawo ba.

Kwana uku ke nan da aka shigo da gawar Sarki Barmo daga Gulbin Marke, inda mayaƙan Tarkunya suka rutsa da shi a mashigi. Ƙanensa, Ɗangaladima Jatau, shi kowa ya san zai gada, don 'ya'yan marigayin ba su isa hawa doki ba. Shekara goma sha tara Jatau yana zama a hannun daman wansa, yana kawo shawara a yar da ita yau, gobe a ɗauko ta a ce ta Sarki ce. Ga abin da ya daɗe yana so ya zo har bakin ƙofarsa, amma bawan Allahn nan tun ranar ko fura ya kasa haɗiya.

Dalili kuwa shi ya san abinsa. Ranar yaƙin yana kan Tudun Faru da dawakin ɗauki ɗari huɗu. An yi da shi cewa in Sarki ya shiga matsi, Garkuwa Nomau, mai tsaron jikin Sarki, zai busa ƙaho sau uku, shi kuma ya sauko. An kuwa busa. Ƙahon gwanki ne mai 'yar tsaga a baki, muryarsa a dushe. Jatau ya san shi tun suna samari suna farauta, don shi da Nomau nono ɗaya suka sha, uwar Nomau ce ta raine shi. Ya ji na farko, ya ɗaga linzami. Ya ji na biyu, sai wani abu ya ce masa a zuci, dakata kaɗan. Da barade suka dube shi, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Wannan ƙahon Tarkunya ne, so suke su janye mu daga tudu." Bai zare wa ɗan'uwansa takobi ba, bai yi masa sammu ba. Linzami kawai ya riƙe, gwargwadon abin da mutum zai yi alwala. Da ya sauko an riga an gama.

To, da hantsin rana ta uku, kafin a shiga majalisa, sai ya bi ta gidan Sarkin Dogarai inda aka tsare Nomau. Ya kori kowa daga zauren. Nomau na zaune a kan tabarma, kafaɗarsa ɗaure da tsumma, ya yunƙura zai faɗi gaisuwa.

Jatau ya ce, "Zauna, Garkuwa. Yaya hannun?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

 Jatau ya dubi azara, ya dubi ƙofa, ya dubi ko'ina ban da fuskar mutumin. Can ya ce, "Za a tambaye ka yau ko ka busa ƙaho."

"Na sani."

"Me za ka ce?"

Nomau ya ɗago ido. Ba fushi a ciki, da ma fushin ne da Jatau ya fi jin daɗi. Ya ce, "Ɗangaladima, ina busawa ina kallon tutarka a kan tudu. Na ga ta motsa, na ce wa Sarki ga ɗan'uwanka nan tafe. Sai na ga ta tsaya. Shi bai gani ba, ya ba tudun baya. Har ya cika yana zaton kana hanya."

Jatau ya dafa bango.

Nomau ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. "In na ce na busa, kai za a sa a gaba. Wa ya rage da za a naɗa? Yaran da ke wasan ƙasa? Galadima zai ja nasa, Madawaki zai ja nasa, Tarkunya kuwa suna bakin gulbi suna wasa mashi. Ina da mata da 'ya'ya a cikin ganuwar nan, da tsohuwar da ta goye mu. Ba don kai zan yi ba, kada ka yi mini godiya. Abu ɗaya nake roƙo. Tunda ka ci sarautar da tsada haka, to, ka riƙe garin."

Jatau ya so ya ce a'a. Wallahi ya so, kalmar ta zo masa har maƙogwaro. Amma ya fito daga zauren nan bai faɗe ta ba, kuma a ƙasan kunyar da ke cin sa akwai wani ɗan sanyi da ya ji, na wanda aka sauke wa kaya. Wannan sanyin ya fi komai ba shi ƙyamar kansa.

A ƙofar fada ya tarar da fadawa sun yi cirko-cirko a bakin turke. Dokin marigayi, wani baƙi mai farin goshi, kwana uku bai taɓa harawa ba. Ya juya ya fuskanci gabas, wajen Tudun Faru, kome aka yi masa ba ya juyowa. Wani ya ce jimamin ubangidansa yake, wani ya ce dabba tana ganin abin da mutum ba ya gani. Da suka hangi Jatau sai kowa ya ja bakinsa, aka zube ana gaisuwa. Ya wuce bai amsa ba.

Majalisa ta cika maƙil. Karaga ba kowa, an shimfiɗa rigar yaƙin Barmo a kanta, jinin ya bushe ya yi baƙi a wajen haƙarƙari. A gefen karagar Magajiya Hakama ke zaune, ƙanwar uban Barmo da Jatau, tsohuwa mai kaifin ido wadda ta ga naɗin sarakuna uku. Bisa al'ada ita ke riƙe rigar, kowane shugaban yaƙi ya zo ya ɗora hannu ya faɗi inda yake lokacin da Sarki ya faɗi.

Galadima ya buɗe zaman. Ya ce, "Ya ku manyan Kafarda, iyayen ƙasa, masu riƙon amanar kakanni. Bangon da muke jingina da shi ya faɗi. Ba mun taru don kuka ba ne, mata sun yi mana wannan. Mun taru ne don jinin Sarki ya sami mai shi, domin ƙasar da ta bar jinin sarkinta a banza ba ta da bakin roƙon nasara. Kowa ya faɗi abin da ya sani, ya tuna akwai ranar da za a tambaye shi a inda ba Galadima, ba Magajiya."

Madawaki Anaruwa, shugaban dawaki, ya fara tashi. Ƙato ne mai furfura a gemu, ba ya son dogon zance. Ya dafa rigar ya ce, "Ina hannun hagu, a bakin ruwa, takubba sun rufe ni. Ba ni da shaidar da zan bayar a kan kowa." Ya koma ya zauna.

Bai gama gyara zama ba sai ga manzo an shigo da shi, taɓo har gwiwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninku, daga bakin gulbi nake. Tarkunya sun gama binne matattunsu. Sarkinsu ya yi rantsuwa a gaban jama'arsa cewa a masallacin Kafarda zai yi sallar Juma'a. Ruwa ya ja baya, gobe da hantsi za su ƙetaro."

Zauren ya ruɗe da surutu. Wani hakimi ya ce a rufe ƙofofi a zauna a ciki. Madawaki ya ce da wane hatsin, gero yana gona ba a girbe ba? Wani ya ce a jingine al'ada a naɗa Ɗangaladima yanzu, a yi zaman jini bayan yaƙi. Jatau ya ce a ransa ga mafita. Amma Magajiya ta buga sandarta a ƙasa, aka yi tsit.

Ta ce, "Ba a gabana ba. Dakarun Kafarda ba sa fita sai sun ji tambari, tambari ba ya kuka sai da sarki, sarki kuwa ba ya hawa a kan jinin da ba a ɗauke ba. In kuna sauri, sai ku gaggauta faɗin gaskiya. Ɗangaladima, matso."

Ya matso. Rigar ta yi tauri a ƙarƙashin tafinsa, har yanzu tana warin turaren wansa.

"Ina kake?"

"Ina kan Tudun Faru, ranki ya daɗe, inda Sarki ya ajiye ni."

"Ka ji ƙaho?"

"Na ji ƙaho."

"Na Garkuwa?"

Tsohuwar ta kafe shi da ido, irin kallon da take yi masa yana yaro in ya ɓata wani abu ya ɓoye. Ya ce, "Ban shaida shi da na Garkuwa ba. Na ɗauka na Tarkunya ne."

Magajiya ta ce, "Koma ka zauna." Aka shigo da Nomau. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan rigar, ya yi magana yadda na bakin ƙofa ma zai ji. "Ni ne Garkuwan Sarki Barmo. Da aka rutsa da mu hannuwana biyu suna kan garkuwa, na shagala, ban busa ƙaho ba. Ɗangaladima bai sami kira ba. Jinin ubangijina yana wuyana."

Haka aka gama. Kafin la'asar an naɗa wa Jatau rawani, an buga tambari, maroƙa suna ta zuba kirari. Mutanen gari suka yi ta murna sun sami sarki. Shi kuwa duk wanda ya ce masa Allah ya ba ka nasara, sai ya ji kamar zagi ne.

Da yamma Madawaki ya zo da shirin yaƙi, ya zana shi da yatsa a ƙasa. Ya ce, "Zaki, ga gulbi, ga mashigi. Tsakanin mashigi da Tudun Faru fadama ce. Sama ciyawa ce kore shar, ƙasa kuwa taɓo ne da zai haɗiye doki har ciki. Tarkunya baƙi ne, ba su san ta ba. Maharbanmu za su kwanta a cikin gamba dama da hagu. Mai ɗaukar jini zai tsaya a tsakiyar fadamar, inda za su gan shi. In suka gan shi za su san rundunarmu na bayansa, za su zubo. Mu kuma muna kan tudu, ba mai motsi, sai na bayansu ya ƙetare ruwa, dawakinsu sun nutse. Sannan ka sa a buga tambari, maharba su tashi, mu kewaya ta kan tudu mu datse mashigin."

Jatau ya ce, "Kafin na bayansu ya ƙetare, shi fa?"

"Shi ai an gama maganarsa, Zaki. Dukan yaƙin nan jira ne. In ka yi haƙuri mun ci, in ka yi gaggawa mun mutu."

Washegari da sassafe aka fita. A bakin ƙofar gabas aka tuɓe wa Nomau sulke a gaban kowa, aka karɓi garkuwarsa, aka miƙa masa mashi. Wata tsohuwa ta kutso cikin mutane tana dogara sanda, ita ce uwar Nomau. Ba ta yi kuka ba. Ta shafa kan ɗanta, sannan ta juyo wajen sabon Sarki, wanda ta goya shekara biyu a bayanta, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ɗana. Ka yafe masa, bai yi da gangan ba." Jatau ya zaburi doki don kada a ga fuskarsa.

Hantsi ya yi musu a kan Tudun Faru, daidai inda ya tsaya kwana huɗu da suka wuce. Daga nan komai a fili yake. Ga Nomau can ƙasa, ɗan mitsitsi a cikin koren ciyawa, yana takawa a hankali ta kan dunƙulen ƙasar da ya sani. Ga Tarkunya a ɗaya gaɓar, baƙi ƙirin kamar tururuwa, sun fara shiga ruwa. Na gabansu suka fito kan yashi, suka tsaya suna nuna mutum ɗayan da ke jiransu. Wasu maharba suka durƙusa.

Kibiyar farko ta faɗi nesa da shi. Ta biyu ta faɗi kusa. Nomau ya ɗaga mashi yana yi musu kirari, yana kiran su su zo, yana yin aikin da aka sa shi sosai da sosai. Ta huɗu ko ta biyar ta same shi a cinya, ya durƙusa, ya sake miƙewa.

Jatau ya ce, "Madawaki, nawa suka ƙetare?"

"Ko kashi ɗaya cikin uku ba su kai ba, Zaki. Dawakinsu ma ba su taka fadama ba."

Jatau ya dubi hannunsa. Ga linzami a ciki, ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe shi ranar nan, a wuri ɗaya, a kan doki ɗaya, yana kallon wani ɗan'uwan ana kashewa. Ya san maganar Madawaki gaskiya ce. Ya san abin da Nomau ya roƙe shi. Amma ya ji in ya ƙara tsayawa ko na numfashi goma ne, to, har ya mutu ba zai sake iya zama da kansa ba.

Ya ce, "A buga tambari."

Madawaki ya kama masa linzami. "Zaki, don girman Allah, ba yanzu ba."

"Sake mini doki. Ni ne Sarki ko kai?"

Aka buga tambari. Jatau bai bi ta kan tudu yadda aka shirya ba, ya miƙe sak cikin fadama inda Nomau yake, dawakin Kafarda kuwa da suka ga Sarkinsu ya zuba, ai sai suka bi shi, ina za su tsaya? Kaico, ramin da suka haƙa wa baƙi su suka fara faɗawa. Dawakin lifidi masu nauyi suka nutse har ƙirji, na baya suka hau na gaba. Maharban da ke cikin gamba suka miƙe da jin tambari, suka tarar 'yan'uwansu ne a gabansu, suka rasa inda za su saki kibiya. Tarkunya kuwa suna tsaye a kan busasshen yashi, suka yi ta harbi a natse kamar masu kakkaɓar mangwaro. Sauran rundunarsu da ba ta shiga ruwa ba ta ga abin da ake ciki, ta juya ta nufi wani mashigi da ke arewa, wanda ba kowa a kansa, wanda kuma hanyarsa ta miƙe har ƙofar birni.

Dokin Jatau ya faɗi, ya dira ya ci gaba a ƙasa, taɓo har cinya, har ya kai ga Nomau. Ya same shi a kwance a gefe ɗaya, dafin kibiya ya fara hawa, leɓɓansa sun yi fari. Ya tallafo kansa ya ce, "Na zo, Nomau. Ga ni na zo."

Nomau ya buɗe ido ya dube shi, ya dubi dawakin da ke birgima a taɓo, ya gane. Ya ce, "Don me ka yi haka? Garin na ce ka riƙe." Ya yi ƙoƙarin ture hannun Jatau daga jikinsa, ƙarfin bai kai ba. Nan ya cika.

Madawaki ne ya finciko Sarki daga wurin, shi da barade kaɗan da suka rage a kan dawaki, suka ja shi har kan tudu. Rana ta take tsaka. Daga cikin dawaki dubu da suka fito da safe, waɗanda ke tsaye ba su kai ɗari biyu ba. Jatau ya zauna a ƙasa, rawanin jiya ya warware ya jiƙe da taɓo. Ya dubi Madawaki, ya ji abin ya ƙi zama a cikinsa.

Ya ce, "Madawaki, ka saurara, ku ma ku saurara. Nomau ya busa ƙaho ranar nan. Sau uku ya busa, na kuma san nasa ne. Ni na ƙi saukowa. Ni na kashe Barmo, na yi rantsuwar ƙarya a kan rigarsa. Ni ya kamata a sa a fadamar nan."

Ya jira a zare takobi. Ba wanda ya motsa. Baraden suka sunkuyar da kai, ba ko ɗaya da ya nuna mamaki. Madawaki ya tofar da jinin da ke bakinsa, ya goge gemu da bayan hannu.

Ya ce, "Wa kake ba labari? Ina bakin ruwa na ji ƙahon nan, sau uku, har da tsagar bakinsa. Waɗannan da ke bayanka ranar sun ji. Galadima ya sani, Magajiya ta sani tun kafin ka ɗora hannu a kan rigar. Muka haɗiye, muka ba da Nomau, duk muka shiga zunubin tare da kai. Ka san don me? Mun ce mutumin da ya iya tsayawa yana ji ana kashe wansa, ko ba komai zai iya tsayawa a kan tudun nan har Tarkunya su gama ƙetarewa. Abin da muka saya ke nan da ran bawan Allahn can, shi kaɗai, ka kuwa hana mu."

 Wani barde ya nuna yamma da mashi, duk suka juya. Hayaƙi ne ke tashi daga wajen ƙofar arewa, baƙi, mai kauri, iskar damina tana kwantar da shi a kan rufin gidaje.

Madawaki ya jawo wani doki da ubangijinsa ya mutu, ya miƙa wa Jatau linzamin, bai durƙusa ba, bai ce Zaki ba. Ya ce, "Tashi ka hau, Jatau. Ba ka isa ka mutu a nan ba. Matanmu da 'ya'yanmu suna cikin wancan hayaƙin, za ka je ka gan su da idonka."